Laraba: lissafin awa kafin lissafin dala

Aikin yau fassara ce, takardar wayar da kai kan rigakafin yara, kalmomi 1,800, wa'adinta ƙarfe huɗu na yamma agogon Landan. A wannan lokaci na shekara agogonsu da namu na Kano ɗaya ne. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris ne suke bayanmu da awa ɗaya. Mutanen New York kuwa awa biyar suke baya yanzu, shida a lokacin sanyinsu. Duk mai fara aikin kansa ta intanet ya rubuta wannan ya manna a bango, don mai aiki, wato wanda ya ba ka aikin, ba ya karɓar uzurin agogo.

Mai fassara da ke son aiki mai tsabta ba ya wuce kalmomi 250 zuwa 300 a awa. Ke nan wannan takarda za ta ci awa shida zuwa bakwai, ban da bita. Wannan lissafi kafin a ce "na karɓa" ake yin sa. Sabon shiga yakan duba kuɗin kawai ya amsa, sai rana ta yi tsaka ya gane aikin kwana biyu ya ɗauka a kwana ɗaya.

Na zauna ƙarfe shida, waya tana wani ɗaki. Awa ukun nan na bayan asuba babu kamarsu: gari da sanyi, gida shiru, batir cike, masu aiki na Amurka suna barci, ba mai turo saƙo. Aikin da ya fi cin ƙwaƙwalwa nan ake sa shi. Wanda ya fara da buɗe WhatsApp ko imel ya sayar da su da arha. Minti sha biyar na farko na jera kalmomin da za su riƙa maimaituwa, don kada shafi na ɗaya ya kira abu da suna guda, na biyar ya kira shi da wani.

Wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta, aikin bai tsaya ba. Tun daren jiya an sauke fayil a kan kwamfuta, an yi cajin komai lokacin da wutar take nan. Hasken allo na rage shi zuwa rabi, na rufe burauza, batir ya kai ni azahar. Layi biyu na kamfanoni daban-daban wajibi ne, ko da ɗayan data kaɗan ce a kansa, saboda ranar miƙa aiki ce sabis yake tsiyarsa. Kuma duk tashi sallah sai na tura kwafin aikin Google Drive. Sallah biyar ta riga ta yanka mana yini gida-gida, sai dai mutum ya rataya al'adunsa a jikinta.

Bayan azahar na bar fassarar ta huce rabin awa, sannan na karanta ta da ƙarfi. Abin da ido ya tsallake, kunne yana kamawa. Uku da rabi ta tafi.

Da la'asar wani ƙanena da ya buɗe shago a Fiverr, dandalin intanet da masu sana'a ke haɗuwa da masu saye, yana zanen tambari da fosta ya shigo fuska a yamutse. "Yaya, shiru fa, ko mutum ɗaya bai leƙo ba." Na ce ya kawo wayar in gani. Samfuri biyu ne kacal a shafin, bayanin kuma kwafo shi ya yi daga wurin wani.

A watannin farko ba kuɗin da ya shigo ake aunawa ba, don ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka ake ƙirgawa: samfuri nawa ka gama a mako, takardar neman aiki nawa ka rubuta, cikin awa nawa ka amsa saƙo. Fiverr tana lissafa ko ka amsa saƙon farko na mai saye cikin awa 24, kuma yana shafar matsayinka. A Upwork, wani dandalin neman aiki irin Fiverr, kowace takardar nema tana cin abin da suke kira Connects, wanda idan ya ƙare da kuɗi ake saya, don haka uku da aka rubuta bayan an karanta buƙatar mai aiki sun fi ashirin da aka watsa iri ɗaya. Layi biyun farko na takardar su taɓa matsalarsa kai tsaye. Tarihin karatunka ya jira ƙasa. Na yanka wa ƙanen nawa awa biyu kullum, daga magariba zuwa bayan isha, lokacin da Amurka take tsakiyar aiki, ko da mai saye ko babu. Ranar da babu, samfuri zai zana.

Sai muka yi lissafin da yawancin sababbi ba sa yi. A ce an ba shi aikin dala 50. Fiverr za ta cire kashi 20 cikin ɗari, saura 40, kuma sai sun kwana 14 bayan kammala aikin kafin ya iya taɓa su. Payoneer ma, kamfanin da ake karɓar kuɗin ta hanyarsa, za ta ci nata wajen mayarwa naira. In zanen ya ci awa huɗu, dala goma ce awarsa. In mai aiki ya dawo da shi gyara sau biyar har ya kai awa goma, ta koma dala huɗu, ba a cire data da fetur ba. Gyara marar iyaka shi ne ramin da ribar take zurarewa. Maganinsa a rubuta tun farko: gyara sau biyu, na uku da kuɗinsa, fayil iri kaza za a miƙa, rana kaza. Ba rashin kunya ba ne, masu aikin kirki ma sun fi son haka. Kuma ya ajiye ƙaramin littafi yana rubuta lokacin farawa da na tashi a kowane aiki, don bayan wata ɗaya littafin ne zai gaya masa farashinsa.

Ga masu aiki na gida, irin mai shago a Kantin Kwari da ke son fosta, rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran kafin a tura fayil na ƙarshe. Samfurin da za a nuna masa ya kasance da tambarinka a kwance a kai, don kada ya yi amfani da shi bai biya ba. Amma wanda ka samu a Fiverr ko Upwork, kada ka yarda ya ja ka waje wai ku tsere wa kamasho. Dokarsu ta hana, ana rufe asusu a kan haka, kuma in ya gudu da aikinka ba ka da wurin kai ƙara.

Ƙanen nawa ya kuma kawo kukan aike: tunda yana gida, kowa ɗauka yake zaman banza yake yi. Wannan ba a gyara shi da fushi. A sami Hajiya cikin ladabi a gaya mata awannin aiki, a kuma ware mata lokacin da za a yi mata duk aikenta, a cika alkawari. Mako biyu ana haka, gida zai saba. Kuɗi in sun fara shigowa kuma, ya yanka wa kansa albashi tsayayye, ragowar ta zauna a asusu daban, domin wata mai aiki uku yakan biyo bayansa da wata wayam.

Kafin in rufe kwamfuta na rubuta abu uku na gobe a takarda: takardar neman biya ga mai aikin yau, sautin hira na minti arba'in da za a mayar rubutu, wanda zai ci aƙalla awa uku, sai duba sababbin samfuran yaron nan bayan la'asar. Sautin na riga na sauke shi, shi ne na ƙarfe shida.