Talata a ɗakin ba da shawara

Yau masu jiran gwajin jini na cutar ƙanjamau ba su da yawa, saboda haka na samu sararin zama da wani matashi da ya shigo da hantsi yana ɗingishi. Ba zan ambaci unguwarsu ko sana'arsa ba, domin abin da aka faɗa a ɗakin nan amana ne. Da farko cewa ya yi daga babur ya faɗi, sai da na tura ƙofa sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, don Allah ka rufa mini asiri."

A wata manhajar haɗuwa ta maza masu neman maza ya san wani mutum, suka daɗe suna hira har ya saki jiki da shi, daga nan aka yi masa kwatancen wani ɗaki a bayan gari. Da ya isa ya tarar mutumin ba shi kaɗai ba ne. Suka lakaɗa masa duka, suka tuɓe shi suka ɗauki bidiyo, suka tilasta masa tura kuɗin da ke asusunsa, suka kwafe lambar mahaifiyarsa da ta yayyensa, ɗaya daga cikinsu kuma ya yi masa fyaɗe. Wannan tarkon ne ake kira kito, kuma masu ɗana shi sun san cewa wanda ya faɗa ba zai kai ƙara ba.

Dalilin shirun a fili yake. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga masu mara wa ƙungiyoyinsu baya, kuma mutanen Zariya ba su manta da mutum 53 da aka kama a nan a Afrilun 2017 bisa zargin halartar bikin auren jinsi ba. Wanda aka yi wa fashi ta wannan hanya yana ganin cewa idan ya je caji ofis shi ne zai kwana a ciki, don haka sai ya biya, ya sake biya, har abin hannunsa ya ƙare. Na gaya masa cewa biyan ba ya goge bidiyo, sai dai ya ƙara musu kwaɗayi.

Abin da ya fi gaggawa shi ne jininsa. Allah ya taimake shi bai wuce awa 72 ba, wato wa'adin da dole a fara shan maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau a cikinsa bayan yiwuwar kamuwa da ita, kuma likita ya ɗora shi a kansa na kwana 28. Na bayyana masa cewa sakamakon yau ba ya nuna abin da ya faru shekaranjiya, dole ne ya dawo a sake gwaji, a kuma duba tunjere da ciwon sanyi da ciwon hanta. Da yawa irinsa sai alamomi sun bayyana suke zuwa, bayan sun gama shan maganin kemis a ɓoye.

Lokacin cin abinci wata abokiyar aikina ta ce maza masu neman maza su suka jawo wa kansu. Na ce mata, "Hajiya, hukuncin addini kowa ya san shi, amma ba shari'a aka ɗauke mu mu yanke ba." Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar cutar, alhali binciken 2014 ya samu kusan kashi 23 a tsakanin maza masu neman maza. Manhajojin sun sauƙaƙa haɗuwa da baƙon fuska cikin gaggawa, inda ba a tsayawa zancen kwaroron roba ko gwaji, ko da yake a cikinsu ne kuma wasu suka fara jin cewa akwai maganin rigakafi da ake sha kullum.

Abin da Hajiya ba ta lissafa ba shi ne matan aure. A ƙasar Hausa namiji ba ya daɗewa iyaye ba su matsa masa ya yi aure ba, kuma auren ba ya goge manhajar daga wayarsa. Bayan La'asar wani magidanci da ke karɓar magani a wurinmu ya sake ƙin kawo matarsa gwaji, wai idan ta tambayi inda ya samo cutar bai san amsar da zai ba ta ba, ga shi kuma tana da juna biyu. Na yi masa bayanin cewa idan tana ɗauke da ƙwayar, magani tun yanzu zai iya kare jaririn. Ya daɗe bai ce komai ba, daga bisani ya amince zai rako ta awon ciki ranar Alhamis, inda ake yi wa kowace mai ciki gwajin ba tare da an tambaye ta dalili ba.