Yau kogin Isa ya koma ja

Bayan hadarin daren jiya mai iska, yau da safe da nake tsallaka gadar Kennedy ta kogin Isa (wato kogin Neja) a Yamai a kan moto na ga ruwa ya koma jawur kamar an dama jar ƙasa, sai na sauka bakin gaɓa wajen unguwar Harobanda. Wani dattijo masunci yana ta zare leda da karan gero da kashin shanu daga komarsa, kifi ɗan kaɗan. Na ce Baba ina kifin? Ya kamfato ruwan a tafin hannunsa ya miƙo mani, ya ce yaro shinshina ka ji. Wallahi ƙamshin gona ne, ƙasa da taki da ruɓaɓɓen ganye. Ya ce daga kogunan Sirba da Dargol da Gorouol, masu zubowa cikin Isa, yake gangarowa duk damina.

Tun ɗazu abin bai bar raina ba. Takin da manomi ya ci bashi ya zuba ne fa ruwa ya kwashe, in ya kwanta wuri guda gansakuka da kainuwa su samu abinci su rufe ko'ina, in sun ruɓe su shanye iskar da kifi ke shaƙa, ka ga kifi na tasowa sama yana haki. Ganyen nan ma wani ya ruɓe ya koma iskar kabon, wani laka ta binne shi, saura kuwa ya bi Gaya ya shiga Najeriya, madatsun Kainji da Jebba su tare na tarewa, ragowar ya kai Neja Delta inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Ashe ƙasar gonakinmu ce na tsaya ina kallo tana wucewa ƙarƙashin gada.