Abin da rubuta mugun sihiri a ƙagaggen labari ke koya wa marubuci

Akwai babin da kusan duk mai rubuta labarin sihiri yake kaiwa. Yaro ya kwanta ciwo, magani ya ƙi ci, an fara neman mai hannu. Sai marubuci ya duba taurarinsa, ya ɗauko tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bakin gari: miji ya rasu, ba ɗa ba jika, idanu jajur, tana tafe tana magana ita kaɗai. A babi na gaba a ritsa ta, ta amsa laifi, yaro ya miƙe garau. Edita ya ja layi a gefen shafi ya ce nan ne labari ya yi armashi.

A duk kurakuran wannan fanni babu wanda ya kai wannan muni, domin kowace alama da aka lissafa tana jikin mutanen gaske. Jan ido na iya zama aikin hayaƙin murhu na shekaru. Magana ita kaɗai sau da yawa rikicin tsufa ne. Amsa laifi kuwa, wanda aka kewaye da sanduna zai amsa ko mene ne. A shari'ar zargin maita ta garin Salem na Amurka a 1692 an rataye mutum 19, kuma waɗanda suka amsa laifi suka tsaya a kan amsawar ba sa cikinsu. Masu musantawa aka kashe. A Turai, tsakanin wajen 1450 da 1750, masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 bisa zargin maita, akasarinsu mata. Abin bai wuce ba, shi ya sa a 2021 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutar da mutane saboda irin wannan zargi. Labarin da ya gaskata zargi da waɗannan alamomi ya miƙa wa mai karatu hanyar "gane" maƙwabciyarsa.

Hujjar editoci ba ta sauyawa: mai karatu tsoro yake so, kada a cika shi da wa'azi. Yawancinsu ba su taɓa zama sun gina babi ɗaya mai ban tsoro ba, sun dai san abin da ya sayu bara. Marubucin da ya ƙi ba su tsohuwar sai a ce masa mai taurin kai, a jinkirta littafinsa. Amma tsoro ba ya buƙatar ta, kuma wanda ya iya aikin ya san haka.

Mafita tana cikin wani bambanci da Evans-Pritchard, masanin al'adun ɗan Adam ɗan Birtaniya, ya fayyace a bincikensa na 1937 a kan ƙabilar Azande ta tsakiyar Afirka: akwai ƙarfin da ake cewa an gada, yana cikin jiki, akwai kuma aikin da mutum ke yi da gangan da kayan haɗi. Na farko ba shi da shaida, saboda haka wanda aka zarga ba shi da hanyar wanke kansa. Na biyu yana da niyya, yana da sawu. In labari na buƙatar mugu, a ba shi na biyun. In kuwa maita ake son taɓawa, to zargin ne ya kamata ya zama abin tsoron: yadda magana ɗaya ke tashi daga bakin mai jinya ta zama taron jama'a kafin magariba.

Sammu a labari yana tsayawa ne a kan abubuwa biyar: mai nema, mai yi, mahaɗi, farashi, da makari. Mai nema shi ne ainihin tauraro, ba boka ba, don a wurinsa hassada ko kishi ko tsohon ciwo yake, kuma ya fi ban tsoro in mutum ne mai fara'a da ake cin abinci tare da shi. Mahaɗi shi ne abin da ya haɗa aikin da wanda aka nufa. Frazer, wani masanin al'adun ɗan Adam, ya kasa shi gida biyu: kamanni, irin mutum-mutumin da ake sokawa, da taɓawa, irin gashi ko tufa ko ƙasar sawu. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Amfaninsa ga labari shi ne dole wani ya shiga ɗaki ya sato abin, dole wata ta lura tsefenta ya ɓata.

Farashi ne inda rubutu ya fi rushewa. In boka zai iya kashe mutum daga nesa ba tare da ya rasa komai ba, mai karatu zai tambaya me ya sa abokin gaba yake raye har babi na ashirin. A sa abin ya ci mai nema tun daga aikin farko, barcinsa, ko lafiyarsa, ko wanda yake ƙauna, ya kuma ƙaru a kowane zagaye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dokokin sihirin kada su wuce uku, kuma a nuna kowace tana aiki a ƙaramin al'amari kafin babin da za ta yanke hukunci. Makarin da ya faɗo daga sama a shafukan ƙarshe ha'inci ne.

Ciwon wanda aka yi wa aikin ya tafi mataki-mataki: abin da za a iya dangantawa da gajiya, sai abin da ya rikita iyali, sannan abin da ba a iya ɓoyewa. A bar wa kowane mataki bayani na zahiri a gefe. Azande sun san gara ce ke cin ƙafar rumbu har ya faɗi. Tambayarsu ita ce me ya sa ya faɗi daidai lokacin da wane ke zaune a inuwarsa. Labari mai kyau yana riƙe tambayoyin biyu tare.

Kayan haɗi a ƙirƙiro su. Kada a ambaci tsiro mai guba na gaske da ma'auninsa. Kada a rubuta cewa sassan jikin zabiya ko na yara suna kawo arziki kuma labari ya nuna abin ya ci. An kashe zabiya a Tanzaniya da Malawi saboda wannan imani.

Sauran gajeru ne. Kada a ɗauko addinin wasu mutane a mai da shi kayan mugunta don kawai ba a san shi ba. Farfaɗiya da taɓin hankali cututtuka ne, kada su zama shaidar laifi. Sihirin mallaka cin zarafi ne, a daina rubuta shi kamar soyayya. Kuma wanda aka yi wa sammu a ba shi suna, da sana'a, da wani abu da yake so a duniya, tun kafin babin da zai kwanta.