Abin da Na Koya a Gindin Allon Awon Yara

A rahoton da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar tare a 2023, an ce a shekarar 2022 yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 148 ne suka tsumbure a faɗin duniya, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, wasu miliyan 45 kuma rama ta kama su. A shekarar 2000 waɗanda suka tsumbure sun haura miliyan 200. Da irin waɗannan alƙaluma gwamnatoci da masu ba da tallafi suke yanke shawarar inda kuɗi za su tafi. Amma babu wanda ya bi yaran nan ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga su. Gidaje ake zaɓa ta hanyar ƙuri'a, a tura mutane su auna yaran da suka tarar, sannan masana lissafi su gina adadin ƙasa baki ɗaya a kan abin da aka rubuto. Na daɗe cikin waɗanda ake turawa, daga baya na koma ina horar da sababbi.

Kayan aikinmu ba su da yawa: sikeli, allon katako na awon tsayi, siririn tef na awon damtse, da kwamfutar hannu. Sikeli ba ya wahalarwa. Uwa ta hau, a mai da lamba sifiri, a miƙa mata yaro, nauyinsa ya fito. Abin da yake bukata kawai shi ne daidaitaccen wuri, da kuma a gwada shi kowace safiya da wani abu da aka san nauyinsa.

Allo ne yake bambanta gwani da ɗan koyo. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, wanda ya kai kuma a tsaye, kuma tsakanin awon kwance da na tsaye akwai bambancin kusan santimita 0.7 da dole a yi la'akari da shi. Mutum biyu ne suke yin awon. Ɗaya ya durƙusa ta wajen kai, ya tallafi kan yaro da tafukansa har ƙoƙon kai ya taɓa katako, idanun yaron suna kallon sama sak. Ɗayan ya danne gwiwoyi da hannu ɗaya, da ɗayan hannun ya turo katakon ƙafa har ya manne da dugadugai, ya karanta lambar da ƙarfi, mai rubutu ya maimaita ta kafin a ɗaga yaro. A takarda abin kamar wasa. A zahiri yaro ɗan wata goma yana tsala ihu, yana tankwashe ƙafa, yana miƙe yatsu, uwarsa tana tsaye ranta ba daɗi, kai kuma kana da daƙiƙa biyu ko uku da zai miƙe sosai. In ka bari gwiwa ta lanƙwashe ka rage masa tsayi. In ka auna a kan yatsun da ya miƙe maimakon diddige ka ƙara masa. Kuma ba a danne jariri da ƙarfi, domin gwiwarsa ba ta miƙewa kamar ta babba. Wannan hannu ne yake koya, ba kunne ba.

Shi ya sa kafin a fita fili ake yi wa kowa jarrabawa. A kawo yara goma, kowane mai awo ya auna su duka, a ɗan huta, ya sake auna su ba tare da ya ga abin da ya rubuta da farko ba. Sai a duba ko awonsa na biyu ya yi daidai da na farko, da kuma ko ya yi kusa da na gwani. Na ga masu digiri sun faɗi wannan jarrabawa, na ga waɗanda sakandare kawai suka gama sun ci ta da kyau, domin haƙuri take nema da nutsuwa.

Lambobi kuma suna tona asiri. Idan mai awo yana karanta allo tsakani da Allah, lambar ƙarshe ta awonsa za ta riƙa faɗuwa ko'ina daga sifiri zuwa tara. Idan gajiya ta kama shi ya fara cike-cike, sai ka ga 78.0 da 81.5 da 84.0 sun cika takardarsa. Kowane dare nakan zauna in duba wannan, ba don in kama wani da laifi ba, sai don in san ƙungiyar da take bukatar in bi ta gobe. Abin da nake nanata musu shi ne, in yaro ya ƙi aunuwa, a lallashe shi, a koma daga baya, in ya gagara a bar gurbin babu komai a rubuta dalili. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gurbin da babu komai mai lissafi ya san yadda zai yi da shi, amma lambar da aka ƙaga ba ta da alama a goshi.

Sai maganar shekaru, wadda ta fi tsayi wuya. A wurare da dama na ƙasashe masu tasowa ba a yi wa yara rajistar haihuwa, kuma in ka tambayi uwa za ta ce maka shekara biyu, ko uku. Ba ƙarya ta yi ba, haka ake ƙirge. Amma mizanin da ake gwada yaro da shi wata-wata yake tafiya. Yaro ɗan wata 19 in aka rubuta masa 24, lafiyayye yana iya komawa tsumburarre a takarda. Saboda haka kafin mu shiga yanki mukan zauna da dattawansa mu tsara kalandar abubuwan da kowa yake tunawa a shekaru biyar da suka wuce: faɗuwar damina, girbi, ambaliya, zaɓe, rasuwar wani babba. Sai ka tambayi uwa, an haife shi kafin ambaliyar ko bayanta? Lokacin kina da cikinsa ko kina goyonsa? A hankali har ku matse zuwa wata guda. Ina son wannan ɓangaren aikin ƙwarai, domin a nan ne uwa take zama malama, kai kana ɗalibi.

Mizanin kansa yana da tarihin da nake faɗa wa duk wanda na horar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi a 2006, bayan an bi girman yara sama da 8,000 daga 1997 zuwa 2003 a ƙasashe shida: Brazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. An zaɓi yaran da aka shayar da nonon uwa, waɗanda suke cikin wadata da kulawa, sai aka tarar girmansu kusan ɗaya ne duk da bambancin ƙasa da launin fata. Ma'ana, idan yaran wani yanki sun gajarce da yawa, kada a yi saurin cewa jininsu ne haka. Yawanci yunwa ce da ciwo mai maimaituwa, tun daga ciki har zuwa shekara biyu.

Ban gane nauyin rabin santimita sosai ba sai da na karanta sakamakon wasu manyan gwaje-gwaje uku da aka yi a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe, aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2018 da 2019. Masu binciken sun raba ƙauyuka rukuni-rukuni. Wasu aka gyara musu masai, aka ba su sabulu da wurin wanke hannu da maganin tsabtace ruwa. Wasu aka ba yaransu ƙarin abinci mai gina jiki. Wasu aka haɗa musu duka. Mutane da yawa sun sa rai tsabta za ta ƙara wa yara tsayi. Ba ta ƙara ba. Ƙarin abincin ne ya ƙara, shi ma abin da ya ƙara bai kai santimita guda ba. Masana ba su ce tsabta ba ta da amfani ba, abin da suka fahimta shi ne ƙananan gyare-gyare a cikin gida ba su isa su raba yaro da ƙazantar da take kewaye da shi ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wannan muhawara, da dukiyar da aka kashe, da shekarun da aka ɗauka, sun rataya ne a kan tazarar da gwiwa ɗaya lanƙwasassa za ta iya haɗiyewa.

Akwai kuma binciken da ya nuna cewa awon yau yana iya yin magana bayan shekara talatin. Daga 1969 zuwa 1977 wata cibiyar binciken abinci mai suna INCAP ta riƙa ba da abin sha iri biyu a ƙauyuka huɗu na Guatemala, ɗaya mai gina jiki sosai, ɗayan marar ƙarfi. Da aka bi sawun yaran bayan sun girma, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna mazan da suka sha mai gina jikin kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya fi na sauran da kashi 46 cikin ɗari. Da waɗanda suka cike takardun farko sun yi sakaci, da babu abin da za a gina a kai.

Amma ba allo ne kaɗai ya koya mini ba. Kafin a taɓa yaro dole a nemi yardar iyayensa, a bayyana musu cewa suna da ikon ƙi, kuma ƙin ba zai hana su komai ba. Wata rana ina cikin wannan bayani wata tsohuwa da take riƙe da jikanta ta katse ni. Ta ce, "'Yar nan, bara ma wasu sun zo sun auna shi sun tafi. Ku in kun auna, me zai biyo baya?" Na ce, "Iya, gaskiya ba mu zo da rabon komai ba. Amma in na ga abin da ba daidai ba a jikinsa zan faɗa miki yanzu, in kuma nuna miki inda za a kai shi." Ta yi shiru, sannan ta miƙo shi. Tambayarta daidai ce, kuma bai kamata mai bincike ya ji haushinta ba. Mutanen da ake yawan aunawa su ne waɗanda ba kasafai ake komawa a faɗa musu abin da aka gano ba. Ra'ayina shi ne duk binciken da bai ware kuɗin komawa ya yi wa mutane bayani ba, kasafinsa bai cika ba.

Haka kuma ban yarda a fita fili ba tare da an san asibitin da za a tura yaro mai tsananin tamowa ba. Gane shi ba wuya. Tef ɗin damtse na yara ne daga wata 6 zuwa 59. In ya nuna ƙasa da milimita 115, wato ja, yaron yana cikin haɗari. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 ruwan ɗorawa ne, tamowa matsakaiciya. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. A da irin waɗannan yara sai an kwantar da su. Tun da likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadarai a 1996, wanda ba ya bukatar ruwa ko dafuwa, sannan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a 2007 a riƙa jinyar yaran a gida, yawancinsu suna warkewa a hannun iyayensu, muddin suna iya cin abinci kuma babu wani ciwo mai tsanani a tare da su. Magani yana nan. Ka ga ja a tef, ka rubuta, ka wuce gida na gaba, wannan ba aikin lafiya ba ne.

Tef ɗin nan ma ba sai ma'aikaci ba. Wani bincike da ƙungiyar agajin lafiya mai suna ALIMA ta yi a gundumar Mirriah ta Jamhuriyar Nijar, aka buga a 2016, ya nuna iyaye mata da aka koya wa awon damtse ba su gaza ma'aikatan lafiya na al'umma ba wajen gano yara masu tamowa, har ma sukan kawo su tun abin bai yi nisa ba. Tun daga nan, duk inda tsarin aiki ya ba da dama, mukan bar wa uwa tef bayan mun gama. Koyarwar ba ta cin lokaci: ta saki hannun yaro ya sauka, ta naɗa tef a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada ta matse, kada ta sassauta, ta duba launin da ya fito a 'yar tagar. Sai in sa ta gwada a gabana sau biyu, in roƙe ta ta riƙa yi a kai a kai, musamman bayan yaro ya yi gudawa ko zazzaɓi ko ƙyanda, in kuma rubuta mata sunan asibitin da ranar da ake karɓar yara.