Mako na tara da ɗan littafin turancina: ashe put off ba kashe janareta ba ne

Salam 'yan uwa masu fama irin nawa. Yau mako tara kenan da na ɗaura niyyar gyara turancina da kaina, kullum bayan isha'i in na rufe shagon POS sai in zauna kamar minti talatin da ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro ja da baƙi. Makon jiya ban taɓuka komai ba saboda mura ta kwantar da ni, toh ga dai abin da na tara tun daga wancan karon.

Bari in fara da inda na fi shan kunya, wato p da f. Mu a Hausa ba mu raba su ba, shi ya sa full da pull da fool da pool duk abu ɗaya kunnena yake ji, alhali na farko cikakke ne, na biyu jawowa, na uku wawa, na huɗu kuma kududdufi ko wurin ninƙaya. Na ɗauki muryata a waya ina karanta su na saurara, wallahi ni kaina ban gane wanne nake faɗa ba. Abin da ya ɗan taimake ni shi ne riƙe 'yar takarda a gaban baki, in ka faɗi p daidai leɓɓanka biyu za su haɗe sannan iska ta fashe ta kaɗa takardar, ita kuwa f haƙoran sama ne suke sauka kan leɓen ƙasa iska ta riƙa zurarewa a hankali. Ƙanwata tana ta min dariya wai na zama mai tofi, amma yanzu in na natsu ina raba fan da pan, sai dai da zarar kwastoma ya taho da sauri na koma gidan jiya.

Su live da leave, ship da sheep, sit da seat ba su ba ni wahala sosai ba da na tuna muna da irinsu. Gari da ake zama a ciki da garin tuwo ai rubutunsu ɗaya amma ba Bahaushen da zai rikita su, ɗaya gajere ɗaya an ja shi. Na turancin ba ja kaɗai ba ne, bakin ma yana ɗan sakewa a gajeren, amma da wannan na fara kama bakin zaren. Lose da loose kuma a ƙarshe bambancin yake, lose da sautin z yake ƙarewa, rasa abu ko faɗuwa a wasa, loose da s, abin da ya yi sako-sako kamar wandon da ya yi maka yawa. Advice suna ne, shawarar kanta, advise kuma ba da ita. Waɗannan na rubuta na wuce.

Borrow da lend ne suka sa na gane yawancin kurena ba daƙiƙanci ba ne, Hausa ce nake sa wa rigar turanci. Mu da kalma ɗaya muke yi, na ari biro, ara min biro, sai mu kwashe ta haka mu ce borrow me your biro. Su kuwa sun raba, mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend. Haka ma ji, mu muna jin magana muna jin wari muna jin sanyi muna jin daɗin miya, su kowanne da tasa kalmar, hear da smell da feel da taste.

Toh yanzu ga babban abin da ya cinye min makon nan. Ran Talata aka kawo wuta ina can bakin titi, sai na tura wa wani abokina malamin makaranta da ke zaune a shagon saƙo, don in burge shi na rubuta put off the generator. Ya kashe ɗin, amma da na dawo ya ce min a nan kowa zai gane nufinka don haka muke faɗa, sai dai in jarrabawa ce ko wasiƙar neman aiki turn off ko switch off ake so, put off ɗage abu ne zuwa wani lokaci, kamar a ɗage ɗaurin aure. Na ce toh put out fa, ya ce wannan kashe gobara ne ko kyandir. Put up with? Haƙuri da abin da ba ka so. Put on, sa kaya. Na ce kai wannan ai zalunci ne, kalma ɗaya 'yar mitsitsiya an liƙa mata wutsiya ta zama wani abu daban. Da daddare ina kwance ina ta gunaguni sai kawai abin ya faɗo min, mu fa me muke yi da ci? Ci amana, ci mutunci, ci bashi, ci jarrabawa, ci kasuwa, ci gaba, a ciki wanne ne ake taunawa? Ga sha kuma, sha kashi, sha iska, sha alwashi, har a ce wane ya sha kunu alhali ko kofi bai taɓa ba, fuska kawai ya ɗaure. In Bature mai koyon Hausa ya tsaya yana fassara ci daban amana daban ai sai ya haukace, dole ya haɗiye su a dunƙule. Tun daga ranar na daina tambayar me off take nufi, na koma rubuta kowanne a matsayin kalma guda tare da jimla daga rayuwata.

Ga yadda shafin yake yanzu. Run out of, ƙarewar abu a hannunka, na rubuta I ran out of cash before Asr, don kusan kullum sai ta faru da ni. Call off sokewa ne gaba ɗaya, kun ga ya bambanta da put off da za a yi daga baya. Look after kula da wani, look for nema, look up duba kalma a ƙamus, look forward to ɗokin abu, kuma aikatau ɗin da ya biyo shi sai ya ɗauki ing, seeing you ake cewa ba see you ba, wannan da jan biro na zagaye shi. Pass out da pass away ku yi hattara da su, na farko suma ne, na biyu rasuwa, sannan passing out na masu bautar ƙasa daga faretin yaye sojoji aka samo shi, kar ka je taya wani murna ka yi masa ta'aziyyar kansa. A gefen kowanne ina sa takwararsa mai kalma ɗaya, postpone ga put off, cancel ga call off, tolerate ga put up with, masu kalma ɗayan su suka fi shiga rubutun ofis, masu wutsiyar kuma hira. Abin da har yanzu yake kayar da ni shi ne wurin ajiye it, turn it off ake cewa ba turn off it ba, amma look after it ba ya rabuwa. A nan na cije.

Gajerun haruffa su ne hutuna. Shekara nawa ina wannan sana'a ban san POS point of sale ba ne, PIN kuma personal identification number, kenan duk sanda na ce wa kwastoma sa PIN number ɗinka lamba na faɗa sau biyu. OTP one-time password, shi ya sa ba ya aiki karo na biyu. Su e.g. da i.e. da etc. ba ma turanci ba ne, daga Latin suke, e.g. misali, i.e. wato, etc. da sauransu, kuma et ɗin ciki ita ce da, don haka and etc. maimaici ne. 12 a.m. sha biyun dare ne ba na rana ba, na daɗe ina juya su. Da nake ba kakana labari sai ya ce ai su ma sun yi zamani da irin waɗannan, En'e da Di'o, na duba na ga N.A. ne da D.O., Native Authority da District Officer, bakin mutanenmu ya murɗe su suka zama Hausa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu get zan tunkara, na leƙa ƙamus na ga get over da get by da get along da get away with na rufe da sauri. Littafin saura shafi shida, gobe sai na sayi wani. Wanda ya san dabarar wurin sa it ɗin nan don Allah ya taimaka min da jimloli ko uku ne.