Abin da aikin fassara ke koya wa mutum game da kalmar Turanci "cagey"

Ana furta ta kamar "keji", shi ya sa ɗalibai kan zaci maganar kejin kaji ake yi. A'a, siffa ce ta mutumin da aka tambaya ya ƙi sakin jiki ya ba da amsa. Ya san abin, amma ya noƙe, ko don taka-tsantsan ko don bai yarda da mai tambayar ba. Galibi "about" ce ke biye da ita, sannan abin da ake ɓoyewa: farashi, albashi, ranar aure, sunan wanda za a naɗa.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne a fassara ta da "maƙaryaci" ko "mayaudari". Wanda aka kira "cagey" bai faɗi ƙarya ba, bakinsa ya kama. Idan rahoto ya ce minista ya kasance "cagey" kan kuɗin kwangila, kai kuma ka rubuta cewa ya yi ƙarya, ka ɗora masa laifin da ɗan jaridar bai ɗora masa ba, kuma a gidan rediyo irin wannan na iya jawo ƙarar ɓata suna. "Ya yi ta noƙe-noƙe" ko "ya ƙi fitowa fili" ya wadatar. "Ƙumbiya-ƙumbiya" ta ɗan fi nauyi, domin tana nuna akwai wata a ƙasa, don haka sai jimlar ta nuna zargi za a ɗauko ta. "Zurfin ciki" kuwa hali ne na kullum, alhali "cagey" yawanci kan batu guda take tsayawa.

Kada a haɗa ta da "evasive". Wannan shi ne mai kwana-kwana, wanda yake magana sosai amma yana zille wa tambayar. "Shifty" ta fi su muni duka, mutum ne da ko kallonsa bai kwanta maka ba.

A sharhin ƙwallon ƙafa, musamman na Ingila, ma'anar ta sauya. In an ce rabin farko ya kasance "cagey", ƙungiyoyin biyu ne ke ɗari-ɗari da juna, kowa ya tsare gida, ba mai son a fara zura masa. A Amurka har yabo take zama: "cagey veteran" tsohon hannu ne mai wayo, wanda ba a yi masa shigo-shigo ba zurfi. Nan in ka sa "noƙe-noƙe" ka zagi wanda aka yaba.