Wasiƙa daga Landan: gidan da ruwa ya kewaye a Scadbury

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fatan kowa yana lafiya, da iyali da harkoki.

A watan Satumban nan na je Scadbury Park, wani filin shaƙatawa mai itatuwa a Chislehurst, kudu maso gabashin Landan. Mutane na yawo da karnukansu, yara na guje-guje, amma can ciki akwai wani ɗan tsibiri da rami mai faɗi cike da ruwa ya kewaye shi. A kansa ne wani gidan masu ƙasa ya tsaya tun ƙarni na 13. Irin waɗannan wurare sun kai kusan 6,000 a Ingila, yawancinsu an haƙa su tsakanin 1250 da 1350. Da farko na ɗauka don yaƙi ne. Masana sun ce galibi don nuna isa ne, a ga ruwa a bakin ƙofarka a san kai wane ne.

Iyalin Walsingham sun sayi wurin a 1424. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ziyarce su a 1597. A shekarun 1730 aka rushe gidan.

Abin da ya kama ni shi ne masu tonon wurin don neman kayan tarihi. Tun 1986 wata ƙungiyar mutanen yankin Orpington, wani gari da ke kusa, ke aikin nan, aikin sa kai, ba albashi. Na tsaya na kalli wata dattijuwa durƙushe a kan tabarmar roba, tana kankare ƙasa da ɗan cokalin magina, sannu sannu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta sami tsingaro bai kai tafin hannun jariri ba. Ba ta jefa shi a aljihu ba. Sai da aka auna inda ya fito, aka rubuta, aka sa shi a leda mai lamba. Domin ƙasa shimfiɗa ce bisa shimfiɗa, ta ƙasa ta girmi ta sama, kuma tsingaron da aka raba da mazauninsa ya rasa rabin labarinsa. Har tubalin da wani mai wurin ya ɗora a kan tsohon harsashi a shekarun 1930 sai sun bambance shi da na asali.

Ina tsaye a bakin ruwan, ganuwar Kano ta faɗo mini a rai. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara gina ta, ta girmi gidan nan, ita ma da raminta a waje. Zuwana na ƙarshe na ga inda aka cike ramin da shara, aka kwashe jar ƙasarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu bai huce ba.

Duk wanda ke zaune kusa da ragowarta, don Allah ya ɗauki hoto, ya rubuta ranar da sunan ƙofar da ke kusa, ya ajiye.

A gaida kowa da kowa.
Naku a Landan.